Tsutsar wake: feshi, irin SAMPEA 20-T, darbejiya ko sauya shuka, wanne zai fishshe ka?

Wake ya yi yaɗo ya rufe kunya, fure ya fito har maƙwabta na yi maka barka, sai ka shiga gona da safe ka tarar da furen a ƙasa. Wanda ya tsira ya zama kwanso, ka ɗaga ka ga biyu sun manne da wani siririn zare, ga ɗan rami, ga kashin tsutsa a bakinsa. Manomin Bichi da na Gumel da na Ringim duk sun san wannan takaici. Tsutsar fara-fara ce mai ɗigon baƙi a jere a bayanta, masana suna kiranta Maruca vitrata, uwarta kuwa wata 'yar faɗa-wuta ce mai ruwan ƙasa da ke yawo da dare. A shekarar da ta yi ƙamari takan cinye har kashi 80 cikin 100 na gonar da ba a kare ba.

Hanyoyi huɗu ne a gaban mai ƙaramin ƙarfi: maganin feshi na kanti, irin wake mai kare kansa da ake kira SAMPEA 20-T, ruwan 'ya'yan darbejiya, ko kuma sauya iri da lokacin shuka don a kauce mata. Kowace tana da masu yabonta, kuma mai sayarwa ba zai taɓa kushe hajarsa ba.

Abin da za a auna

Na farko kuɗi, kuma kuɗin damina ɗungurungum, har da hayar tankin feshi da ladan yaron da zai goya shi. Tunda farashi a Gujungu daban, a Ɗambatta daban, ya fi kyau ka lissafa da kwano: kwanon wake nawa za ka sayar ka biya? Na biyu wahalar aiki. Na uku haɗari ga kai, da iyali, da dabbobin da za su ci harawa. Na huɗu kasuwa, domin waken da ɗan Dawanau bai sani ba sai an sha ciniki. Na biyar shi ne wanda aka fi mantawa, kuma a ganina shi ya fi nauyi: shekara nawa hanyar za ta yi tana aiki kafin tsutsar ta saba da ita.

Me ya sa magani ke daina ci

Za ka ji manomi yana cewa maganin bana ba shi da ƙarfi, an yi masa algus. Wani lokacin haka ne. Sau da yawa kuma maganin yana nan yadda yake, tsutsar ce ta sauya. A cikin dubban ƙwan da ake zubawa a gona akwai 'yan ƙalilan da suka gaji wani ɗan bambanci wanda ke hana guba kama su. Ka fesa, sauran su mutu, su kuwa su rayu su hayayyafa. Daga ƙwai zuwa uwa mai zuba nata ƙwan bai wuce mako uku zuwa huɗu ba.

Ƙwayoyin gado, wato abubuwan da ke ɗauke da halayen da ake gada daga iyaye, a jere suke a kan wasu zaruruwa da ake kira kuromozom. Ɗan'adam yana da nau'i 23, kowanne bibbiyu, wake yana da 11, yawancin faɗa-wuta da malam-buɗe-littafi kuwa 31. A 2024 masana a cibiyar Wellcome Sanger ta Ingila suka gwada taswirar gadon nau'i 210 na wannan dangi, suka tarar da cewa tubala 32 na asali da aka gina kuromozom ɗinsu da su suna nan kusan yadda suke tun kimanin shekara miliyan 250 da suka wuce. Inda aka sami bambanci, galibi haɗewa ce ko tsagewa. Tsutsar siliki da ake kiwo a China da Japan, misali, 28 gare ta, saboda shida daga cikin na kakanninta sun haɗe bibbiyu sun koma uku, amma ƙwayoyin da ke kansu ba su watse ba. Da yake ita aka fi yi wa nazari, har an fitar da jerin gadonta tun 2004, sai ta zama madogara. Bakaniken da ya san inda fulogi yake a babur ɗaya ba ya shan wahalar nemansa a wani, ko da kamfanin daban ne. Haka masana suke yi da taswirar tsutsar siliki idan suna neman wata ƙwayar gado a jikin tsutsar gona.

Akwai wata ɗabi'a ta dangin da ta sauƙaƙa musu aikin. Uwa ba ta cakuɗa abin da ta gada daga iyayenta biyu, kowane kuromozom takan miƙa shi ga 'ya'ya sukutum. Uba ne ke cakuɗawa. Don haka ta wajen uwa ake gane kuromozom ɗin da juriya take, ta wajen uba kuma a gane daidai gurbinta.

Ga abin da aka gano da wannan dabara, kuma shi ya shafi manomin wake. A 2010 aka nuna cewa wata tsutsar auduga ta Amurka da ta jure gubar Bt (za mu zo kanta) ta yi hakan ne saboda lalacewar wata ƙwayar gado mai suna ABCC2, wadda ke gina wurin da gubar ke maƙalewa a hanjinta. Shekara guda bayan nan aka tarar da juriyar tsutsar kabeji iri biyu a wannan gurbi. A 2012 sai ga shi a tsutsar siliki kanta, a kuromozom na 15. Tsutsar masara da ta shigo Najeriya a 2016 ita ma 'yan uwanta na tsibirin Puerto Rico ta nan suka kuɓuce wa masarar Bt. A tsutsar tuffa kuwa wannan kuromozom ya haɗe da wanda ke raba mace da namiji, kuma macen guda ɗaya tak take da shi maimakon biyu, don haka abin da ta gada a kansa yakan bayyana nan take. Nau'o'in nan nesa suke da juna, amma ƙofar tsira kusan ɗaya ce. Ba ni da dalilin ɗauka cewa tsutsar wakenmu ita kaɗai aka halitta ba ta da wannan ƙofa.

Maganin feshi na kanti

Kashi biyu ne. Akwai na araha da ke cike da shagunan ƙauye, wanda idan ka duba ƙananan rubutun jikin kwalba za ka ga cypermethrin ko lambda-cyhalothrin, wani lokacin a haɗe da dimethoate. Akwai kuma masu tsada irin su emamectin benzoate da chlorantraniliprole, waɗanda aka yi su musamman don tsutsa.

Amfaninsa a fili yake: ana samunsa ko'ina, yana aiki da sauri, kuma na arahar yana kashe har da sauran ƙwarin wake. Matsalar ita ce tsutsar da rana tana cikin fure ko cikin kwanso, maganin da sai ya taɓa jikinta ba ya kai mata. Shi ya sa mutum zai yi feshi shida, bakwai, har takwas a damina, alhali shawarar masana ta fi karkata ga biyu zuwa uku a kan lokaci: sa'ad da fure ya fara ƙullawa, sa'ad da ya buɗe sosai, da sa'ad da kwanso ke fitowa, da tazarar kamar kwana 10. Wanda ya jira sai ya ga rami a kwanso ya makara, kuɗinsa kawai yake fesawa.

Ta wajen ɗorewa nan ne rauninsa. Kwalabe biyar masu suna daban-daban da hoto daban-daban na iya zama magani ɗaya. Abin dubawa shi ne lambar rukuni da wasu kamfanoni ke bugawa a jiki: cypermethrin da lambda-cyhalothrin duk 3A ne, dimethoate 1B, emamectin 6, chlorantraniliprole 28. In ka bar kwalbar 3A ka sayi wata 3A ba ka sauya komai ba. Masu tsadar ma ba su tsira ba. Manoman tumatir na Kura da Kadawa sun ga abin da sharon, tsutsar tumatir, ta yi musu a 2016, ana ta feshi tana ta ci, kuma a Italiya da Brazil an tabbatar ta jure rukuni na 28.

Haɗarinsa kuwa ba sai an faɗa da yawa ba. Yaro ya goya tanki mai yoyo, riga ta jiƙe a bayansa, ba takalmi, bakin feshi ya toshe ya sa baki ya hura. Kwalba ta ƙare a wanke a zuba mai. Ana tsinkar ganye don miya kwana biyu bayan feshi. Yana kashe zuma da ƙananan ƙwarin da ke cin tsutsar. (Haramcin da Tarayyar Turai ta ɗora wa busasshen waken Najeriya a 2015 kuwa daga maganin ajiya ne, dichlorvos, wanda ake zubawa a buhu. Wannan wata magana ce, kuma buhun PICS mai hana iska shiga yana kare waken ajiya ba tare da guba ba.)

Irin SAMPEA 20-T

Cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, ta tantance irin wake sama da 15,000 ba ta sami wanda ke jure wannan tsutsa sosai ba. Daga nan aka koma ga wata ƙwayar cuta ta cikin ƙasa, Bacillus thuringiensis, wadda ake taƙaitawa Bt. Wani masani ɗan Japan ne ya fara gano ta a 1901, a jikin tsutsar siliki da take kashewa. Aka ɗauko ƙwayar gado ɗaya daga gare ta, Cry1Ab, aka sa a wake. Cibiyar binciken noma ta IAR Samaru da ke Jami'ar Ahmadu Bello ce ta yi aikin a nan gida ƙarƙashin Farfesa Mohammad Ishiyaku, tare da gidauniyar fasahar noma ta Afirka, AATF, da hukumar binciken kimiyya ta Ostareliya, CSIRO. Hukumar NBMA, mai sa ido kan irin da aka sauya wa halitta a Najeriya, ta amince a farkon 2019, aka yi wa irin rajista a Disamba 2019, aka ƙaddamar da sayar da shi a Kano a 2021.

Shukar da kanta take yin sinadarin. Tsutsa ta ci fure, sinadarin ya narke a hanjinta, ya maƙale a waɗancan wurare da aka ambata, ya huda hanjin, ta daina ci ta mutu tun tana ƙarama. Hanjin mutum da na akuya ba su da wannan wurin maƙalewa, a kan wannan hujja da gwaje-gwaje hukumomi suka dogara. Duk da haka ana ta muhawara a ƙasar nan kan irin da aka sauya wa halitta, kuma wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba yana da haƙƙin ya bar shi.

Kuɗin irin ya fi na waken kasuwa, amma sau ɗaya ake biya a damina. Yana nuna cikin kwana 70 zuwa 75. Feshi yakan sauko zuwa biyu, kuma biyun nan dole ne, domin tsutsa kaɗai yake kashewa. Darɓa, da ƙananan ƙwarin cikin fure, da masu tsotse kwanso ba abin da yake musu, haka ma ƙwaron ajiya. Mutane da yawa sun ji an ce "ba ya son feshi", suka bar gona, suka dawo suna zagin iri.

Haɗarin da ya fi kusa shi ne jabu. Da ido ba za ka bambanta shi da sauran farin wake ba, don haka wanda aka auna maka a kwano a bakin kasuwa aka ce shi ne, caca ka yi. A nemi na cikin leda mai hatimi daga dillalin da ma'aikacin hukumar raya noma ta Kano (KNARDA) ko ta Jigawa (JARDA) ya sani. Wake yana barbarar kansa, don haka wanda ka ajiye yakan riƙe halinsa, sai dai a masussuka ake gauraya shi da wani, shekara biyu uku ka rasa gane me kake shukawa.

Ɗorewarsa fa? Ƙwayar Bt ɗaya tak gare shi, kuma an ga yadda hakan ya ƙare a wurare biyu. A Afirka ta Kudu an fara shuka masara mai wannan Cry1Ab ɗin a 1998, zuwa 2007 aka ba da rahoton tsutsar kara tana cinta lafiya lau a yankin noman ban-ruwa, inda manoma da yawa ba su bar filin masarar gargajiya a gefe ba. A Indiya jar tsutsar auduga ta jure ƙwaya ta farko, ta zo ta jure ta biyu. Amma a Amurka, inda aka kiyaye ƙa'idar barin fili aka haɗa da wasu dabaru, an ayyana kawar da wannan tsutsa ɗin a 2018. Hikimar filin ita ce, juriya irin ta ABCC2 ba ta cika bayyana ba sai tsutsa ta gaje ta daga uwa da uba duka. In akwai waken gargajiya a kusa, faɗa-wuta marasa juriya suna da yawa, mai juriyar da ta tsira za ta fi haɗuwa da su, 'ya'yansu su mutu a kan waken Bt. Tsutsar karan Afirka ta Kudu ta nuna cewa ba kullum lissafin ke fita ba, domin tata juriyar daga ɓangare ɗaya ma tana bayyana. Mu a nan muna da ɗan rufin asiri: tsutsar ba ta iya rani a arewa, a kudu mai laima take rayuwa a kan itatuwa dangin wake, ta biyo damina ta hauro kowace shekara. Maƙwabcinka mai Kanannado shi ma taimakonka yake yi bai sani ba.

Ruwan darbejiya

Kuɗinsa kusan babu, aikinsa ne jan wuya. A tsinci 'ya'yan da suka nuna suka faɗo, a wanke, a shanya a inuwa, a ɓare, a daka ƙwayar a turmin da ba na abinci ba don ɗacin ba ya fita. Kimanin rabin kilo na garin a lita 10 ta ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace da ƙyalle sau biyu, in ba haka ba bakin feshi zai toshe tun kafin ka gama kunya ɗaya. A sa ɗan sabulu don ya kama ganye, a fesa da yamma.

Ba ya kashewa nan take. Yana hana tsutsa cin abinci, yana hana ta saɓa, don haka mai son ya ga gawa a ƙasa washegari zai ce bai yi ba. Rana tana kashe ƙarfinsa cikin 'yan kwanaki, ruwan sama ya wanke shi, sai an maimaita kusan kowane mako. A shekarar da tsutsa ta yi yawa shi kaɗai ba ya riƙe gona. Amma sinadaran cikinsa da yawa ne, suna kama ta ta fuskoki daban-daban, shi ya sa sabawa da shi ke da wuya, kuma haɗarinsa ga mai feshi da dabbobi kaɗan ne.

Sauya iri da lokacin shuka

Irin da ke nuna da wuri yana iya gama fure kafin tsutsa ta cika gari, sai dai girbinsa na faɗawa cikin ruwa, kwanso ya ruɓe in ba a tsince da sauri ba. Kanannado yana jira sai ƙarshen damina ya yi fure, wani lokacin ya tarar ta fara ja baya, amma in ruwa ya ɗauke da wuri shi ke nan sai harawa. Irin da ke ɗaga kwansonsa sama da ganye, ba sa taɓa juna, ya fi tsira. Gicci a cikin gero ba ya korar tsutsa, asara yake rabawa. Waken rani a fadamun Haɗeja ko Kadawa kuwa ba ya haɗuwa da ita sosai, darɓa ce abokiyar faɗansa.

| Hanya | Kuɗi | Wahala | Ɗorewa | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Feshi na araha | kaɗan a kwalba, da yawa a damina | feshi da yawa | gajere in ba a sauya rukuni | babba ga mutum da zuma |
| Feshi mai tsada | da yawa | feshi kaɗan, a kan lokaci | matsakaici | matsakaici, ga jabu |
| SAMPEA 20-T | kuɗin iri da feshi biyu | kaɗan | ya dogara da barin waken gargajiya a kusa | jabun iri, sakaci da sauran ƙwari |
| Darbejiya | kusan babu | babba | dogo | kaɗan, amma yakan gaza a shekarar tsutsa |
| Sauya shuka | babu ƙari | matsakaici | dogo | ruwa ya yi yawa ko ya ɗauke |

Wa ya dace da wanne

Mai kadada ɗaya zuwa sama da ke shuka wake zalla don sayarwa, SAMPEA 20-T na gaskiya da feshi biyu ya fi masa, da sharaɗin ya bar wasu kunyoyi na waken gargajiya a gefe, ya kuma tambayi dillalinsa tun kafin shuka ko zai karɓa. In bai sami irin da ya amince da shi ba, ko bai yarda da shi ba, to ya shuka ingantaccen iri na yau da kullum ya yi feshi uku a kan lokaci, yana sauya lambar rukuni tsakanin feshi da feshi, ya kashe kuɗinsa a kan mai tsadar a lokacin da fure ya buɗe, don nan ne ake cin riba ko a faɗi.

Mai tumaki da shanun huɗa, wanda rabin ribarsa a harawa take, kada ya bar Kanannado ko Ɗan Ila don irin da ke nuna da wuri ba ya tara ganye kamarsu. Feshi ɗaya ko biyu lokacin fure ya ishe shi, ya kuma kiyaye kwanakin jira da aka rubuta a kwalba kafin ya yanka.

Matar da ke da ɗan fili a bayan gida, tana tsinkar ganye tana dafa ɗanyen kwanso, yara na shiga suna fita, darbejiya ce tata, ta haɗa da tsince furen da ya manne da hannu. Filin ƙarami ne, aikin ba zai fi ƙarfinta ba.

Wanda yake da fadama da injin ban-ruwa kuma, ya rage waken damina ya koma na rani. Kuɗin irin Bt a wurinsa kusan asara ne, gara ya tanade shi don maganin darɓa.